Hoton Dattijo Tela

Kaka, ki taimake ni, na yi ɓarna a inda na zo gyara. Wata biyu ke nan da ikilisiyarmu ta turo ni wata ƙasa aikin sa kai, a gidan kula da tsofaffi na mishan. Na zo da zumuɗin wa'azi, aka miƙa mini bokiti da reza. Ba na jin harshensu, sai babbar nas ta fassara.

A gadon da ke jikin taga akwai wani dattijo, tsohon tela, ɓarin jikinsa ya shanye. Kullum da safe ni nake masa aski. Ba ya yarda kowa ya shigo sai an ɓalla masa maɓallan riga har wuya. Da hannunsa mai lafiya ya koya mini ɗinka maɓalli, in na karkace ya ɗan buge mini yatsa. Kaka, tun rasuwar babana ban saki jiki da wani haka ba.

To, fastonmu ya yi ta neman hotuna, wai jama'a su ga aikin Ubangiji. Wata safiya na ɗauki hoton dattijon yana barci, ba aski, riga a buɗe, yawu a gefen baki. Na rubuta a ƙasa cewa ga waɗanda ba su da kowa. Aka nuna a majami'a, mata suka yi kuka, aka sa a shafin ikilisiya. Alhali yana da 'ya, kullum daga wurin aiki nan take zuwa ta ba shi abinci a baki. Na sani sarai, kawai na ga maganar za ta fi taɓa zuciya. Hoton ya zagayo har wayarta, ta nuna masa.

Yau kwana tara, in na shigo da reza sai ya juya fuska bango. Gemu ya cika masa fuska, ya hana kowa taɓawa. Addu'a ma ta ƙi fita a bakina. In tattara kayana in koma gida ne? Ko in yi shiru har ya huce?

Jikanki mai reza

Angona mai reza, ashe ƙetare teku ka yi ka bar ni da cefane! To zauna, yau ba ranar wasa ba ce sosai.

Shekarun baya na kwanta asibiti da ciwon da ba a faɗa a gaban suruki. Matan zumunta suka zo dubiya, shugabarmu ta ɗaga murya tana addu'a, ta kira ciwon da sunansa har sau uku, surukina na tsaye riƙe da ledar lemo. Na warke, amma shekara guda ina sauya hanya in na hango shi. Matar nan ƙaunata take yi, ka ji. Ƙauna ce ta yaye mini zane a kasuwa.

Ban ce kai mugu ne ba, fastonka ma haka. Wanda ya aiki yaro nesa yana son ganin abin da ake yi. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana suturta mutane, abin da ya rage masa a duniya maɓallan nan ne, kai kuma ka buɗe su yana barci. 'Yarsa kuwa, da layi ɗaya ka share duk zaryar da take yi.

Komawa gida gudu ne, kuma da gemun nan za ka riƙa mafarki. Shirun ma ba magani ba ne. Ka sa a cire hoton yau. Ka rubuta wa fasto gaskiya, a karanta a gaban jama'ar da suka yi kukan: dattijon yana da 'ya, kai ne ka ƙara gishiri. Sannan ka ɗauki babbar nas ku sami 'yar, ita za ka fara ba haƙuri. Kada kalmar “amma” ta fito daga bakinka, kada ka kawo zancen kyakkyawar niyya.

Bayan nan, kowace safiya ka kai ruwan ɗumi da reza, ka ajiye inda idonsa zai kai, ka gaishe shi, ka fita. Yana iya juyowa, yana iya ƙi har ka bar ƙasar. Hakkinsa ne, ba a ƙwatar gafara. In ya ƙi, ka wanke zanen gadonsa da kyau, shi ma aikin Ubangiji ne, ko ba wanda ya ɗauka a hoto.

In kuwa ya juyo, ka yi askin a hankali, ka ɓalla maɓallan har wuya, wayarka tana aljihu. Ubangiji ya sassauta zuciyar tela, ya dawo mini da kai lafiya, angona.

Kakarku