Fuskar da Aka Kafa a Kasuwar Kankiya

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan makwancinki yana da sanyi, na zo da wata magana da na danne tun zamanin Turawa. Tsufa ya kama ni, kuma ina tsoron in iso gare ki da ita a cikina.

Kin tuna Ba'amurken nan da mutanen Kankiya suka laƙaba wa Mai Gawayi, don yatsunsa kullum baƙi ƙirin. A ƙasarsu hotunan littattafai yake zanawa, aka ɗauko shi ya koya mana zane, mu sababbin malaman yaƙi da jahilci. Mutum ne mai haƙuri, kuma maganarsa ɗaya ce: "Zana abin da idonka ya gani." Ke kuwa da kika ji irin aikin, sai kika ce wa Baba mai suranta mutum ranar lahira za a ce ya hura masa rai.

Ana nan aka ba shi aikin takardar gargaɗi a kan kuturta, wadda za a kakkafa a kasuwanni. Ya ce kowannenmu ya zano fuskar mace. Sauran suka kawo wani abu kamar ƙwarya mai ido biyu. Ni kuwa uban son a yaba, sai na fitar da fuskar da na fi sani. Ɗan fari ne ni, kunya ba ta bari ki dube ni, don haka na girma ina satar kallonki. Na sa tsagar gidanku ta Kunduru, da billen, har da tabon nan na girarki ta hagu.

Ya ɗaga takardata ya nuna wa kowa, ya ce layukan kumatun ado ne mai kyau, kada a taɓa su. Shi bai san tsaga suna ce ba. Ni na sani, Inna. Ina tsaye ya goge wani wuri a goshin da yatsa, ya zama farin tabon cutar. Daɗin yabo ya ɗaure mini baki.

Wata uku shiru, har na fara sa rai an manta. Ran nan sai na hango ɗan doka da guduma da ƙusa a bakin rumfar mahauta, yana kafa fuskarki.

Ba wanda ya zage ki. Da ma zagin aka yi. Mata suka riƙa tsallake ƙwaryar furarki suna sayen ta gaba. A wani gidan suna a Kusada aka ware miki kwano. Maƙwabta suka daina aikowa ɗibar wuta. Sai ki dawo da fura cike, ki zuba wa awaki, ki zauna kina jujjuya hannuwanki kina duba, alhali lafiyarki ƙalau.

Da na gaya wa Mai Gawayi, da kansa ya bi kasuwanni ya ciccire takardun, ya zo zaure ya tsuguna ya ba Baba haƙuri. Ya ɗauki laifin duka, bai ambace ni ba. Bayan shekara ya koma ƙasarsu, na ji ya ci gaba da koyarwa har ya tsufa. Furarki dai ba ta sake ƙarewa a kasuwa ba.

Shekara tara kika yi a duniya bayan wannan. Kullum in kin idar da sallar asuba sai ki ɗaga murya: "Allah ya isa tsakanina da hannun da ya zana ni." Duk gidan ana cewa amin, har da ni, don kada a dube ni.

Hannuna ne, Inna. Ga shi nan riƙe da alƙalami. Kin rasu ba ki janye ba, ni kuma tsoro bai bar ni na roƙe ki ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya zuciyarki a kaina kafin a tsayar da mu a gabansa.

Ɗanki,
Mamman