Gayyar da Ta Cinye Akuyar Mukarrama

Mama, don Allah ki taimake ni da shawara, domin wani abu yana damuna, na kasa mantawa da shi, na kuma kasa faɗa wa kowa. Sati bakwai ke nan ina zuwa sujada a coci ina zama kamar kututture, ana waƙa bakina a rufe. Na sauya sunayen mutanen da zan ambata, za ki ga dalili.

Ni Kirista ce, a wani ƙauye a yankin Makarfi aka haife ni, a nan na yi aure, kuma shekarata goma sha huɗu a zumuntar matan cocinmu. Maigidana dattijo ne a ikilisiyarmu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam Ya'u, Musulmi, manomi, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Matarsa Mukarrama kuwa tun muna amare muke tare. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari kafin ungozoma ta iso. Da Sallah tuwonsu na shigo mana, da Kirsimeti shinkafarmu na shiga musu.

Bana, ana gama shuka, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Malam Ya'u. An kai shi asibiti Zariya, an dawo da shi hannu da ƙafa ba sa motsi, magana ma da ƙyar. 'Ya'yansu duk ƙanana ne. Ciyawa ta taso a gonarsa har sai ka duba da kyau kafin ka ga masarar. Maigidana ne ya kawo shawara a coci cewa mu yi masa gayya, mu nuna ƙaunar maƙwabci a aikace. Ranar na ji daɗi, har na ji ya ƙara girma a idona.

Aka aika wa gidan tun saura kwana uku, cewa gayya na zuwa ran Asabar. To kin san al'adarmu, mai gona ne ke ciyar da 'yan gayya. Kowa ya san haka tun yana yaro, shi ya sa babu wanda tunanin abinci ya zo masa, har da ni da nake jin tarin mutumin nan ta katanga. Maza sun fi talatin, kowa da fartanyarsa. Mu mata muka ɗaura ankon zumunta kamar masu zuwa biki, muna kai ruwa muna waƙa. Ba zan rage musu ba, an yi aiki, kafin rana ta take gona ta yi fes. Sai ga tuwon dawa ƙwarya-ƙwarya, miyar kuka ta sha nama, ga kunu. Muka baje a gindin ɗorawa muka take ciki, ana ci ana ɗaukar hoto a waya. Ni da nake ba ki labarin nan na ci, na kuma miƙa kwano aka ƙara mini.

Washegari a sujada maigidana ya miƙe ba da shaida. Ya ce mun fita bayarwa, Ubangiji kuma bai bar mu mun dawo da yunwa ba, ya tanadar mana nama har cikin gona. Aka yi tafi, aka rangaɗa guɗa, da tawa a ciki.

Ran Talata na shiga wurin Mukarrama aron rariya. Turken akuyarta na fara gani, igiya a yashe a ƙasa. Akuya ɗaya tilo gare ta, wadda ta raina tun tana 'yar mitsitsiya. Na same ta tana raba wa yara kwaɗon tafasa, babu ko tsaba a ciki, kuma shi ne abincin yini. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka. Ashe da saƙonmu ya iso ta so ta roƙi a bari, amma Malam Ya'u ya yi ta zubar da hawaye, da harshensa mai nauyi ya ce tunda yake ba a taɓa sunkuyawa a gonarsa a tashi da yunwa ba, kuma ba za a fara don yana kwance ba. Sai ta kira mahauci, ta kuma share gindin rumbu. A tsakiyar marka fa, Mama, lokacin da ko mai hali yake auna tsaba da hankali. Ta kama hannuna ta sa na yi mata alkawari a gaban Allah ba zan gaya wa kowa ba, har da maigidana, domin in maganar ta fita gari, baƙin cikin zai riga ciwon kashe mata miji.

Tun ranar ban ƙara sa nama a bakina ba. Ina ɗan miƙa musu tsaba ta katanga da sunan ta yi mana yawa, amma mu ma ba wani rumbun kirki gare mu ba. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne yadda muke ta yabon kanmu. Matasa sun baza hotuna a waya, har da na Malam Ya'u a kan tabarma, baki a karkace, mu kuma a bayansa muna washe haƙora. Uwar zumunta ta ce wannan ne aikin da za mu kai rahotonsa taron gunduma. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai maigidana ya ba shi labarin gayyar, ya kuma yabi miyar. Ni kuwa ina zaune ina ji. Mutumin kirki ne, amma yanzu ko muryarsa in yana addu'ar abinci ba na son ji.

Ga shi Lahadin da ta wuce an yi sanarwa za a koma karyar masara nan da sati biyu. Waɗanda suka ɗaga hannu sun fi na farko, wasu har da wasan cewa miyar nan ce ta kira su. Abin da ya rage a gidan kaji biyu ne da kwanukan ɗakin Mukarrama, kuma na san halinta, za ta kai su kasuwar Makarfi ba tare da ta ce uffan ba. In karya alkawari in tona? In yi shiru mu sake zuwa mu cinye su? Ko in bar zumuntar kawai, tunda ganin ankonmu ma ƙyama yake ba ni?

Taki,
Maƙwabciyar da ta ci ta ƙara

AMSA

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ƙyamar da kike ji tana da hujja. Mutum sama da talatin su shiga gonar mai jinya a lokacin marka, su ci su ƙoshi, a rasa mai tambayar kansa daga ina naman ya fito, wannan sakaci ne mai muni. Hoton marar lafiya kuwa ba shi da wani uzuri. Ki nemi a goge shi yau, wannan bai shafi alkawarinki ba.

Amma ki yi wa mutanenki adalci. Gonar ta nomu, kuma ba don su ba da babu masarar da ake maganar karyawa. Maigidanki bai san abin da kika sani ba, kina hukunta shi a zuci kan abin da aka ɓoye masa. Ki kuma duba Malam Ya'u. Ciwo ya ƙwace masa hannu da ƙafa, ciyar da baƙinsa ne kaɗai aikin maigida da ya rage masa. Don haka kada gyaran ya zama hana gidansa fitar da abinci, kada kuma a ja akuya da waƙa a kai masa ƙofar gida. Duk biyun cin fuska ne.

Kada ki karya alkawari. Ki koma wurin Mukarrama tun kafin saƙon coci ya iso mata, ki gaya mata gayya na dawowa, ki roƙi izinin sanar da maigidanki shi kaɗai. In ta yarda, ki gaya masa a ɗaki, cikin natsuwa, ki bar shi da kunyarsa, za ta ishe shi. In ta ƙi, ki bar maganar, don ba ki ma buƙatarta. Duk mai ido ya san mutumin nan yana kwance tun shuka. Ki miƙe a zumunta ki ce gidan jinya ba ya ciyar da gayya daga rumbunsa, kowace mace ta kawo mudu ɗaya da ɗan cefane. A shigar da su kaɗan-kaɗan, kwana biyu kafin ranar, ba anko, ba waya, da sunan gudummawa irin wadda mata ke kai wa juna a biki ko suna, wadda ba mai jin kunyar karɓarta. Mukarrama ta dafa a murhunta, abinci ya fito ta ƙofar mijinta kamar yadda ya saba. Ku kai fiye da abin da gayya za ta ci.

Maganar akuya kuma, in kina da akuya mace ko za ki iya samu, ki ba Mukarrama kiwo kamar yadda aka saba, haihuwar fari tata ce. Ba wanda zai kira wannan sadaka.

Barin zumunta ba naki ba ne yanzu. Ke kaɗai ce a cikinsu kika leƙa rumbun nan, in kin fita za su koma da zuciya ɗaya su maimaita. Ki nemi gafarar Ubangiji kan naki sakacin sau ɗaya, ki daina azabtar da kanki, ki tashi. In matan sun ja ƙafa, ki fara da mudunki, ki bi gida-gida. Sati biyu gare ki, kuma fushinki ba zai sa ko loma ɗaya a bakin yaran nan ba.

Allah ya ba Malam Ya'u lafiya, ya rufa wa Mukarrama asiri, ya sa ranar da kuka karya masarar nan a kwana da tuwo a gidan, washegari ma a tashi da shi.

Mama Rifkatu