Rasuwar Anti Mai Kujera

Cikin alhini, mu Ƙungiyar Iyaye Mata Masu 'Ya'ya a Ɗakin Killacewa muke sanar da jama'a rasuwar uwarmu, mai share mana hawaye, babbar jami'ar jin daɗin jama'a, Hajiya Anti Mai Kujera, wadda aka kashe ranar Talata a ƙofar gidanmu, a kan idona, ni mai wannan rubutu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin annobar nan har ɗaki take shiga, ta zauna a tabarma, ta sha ruwanmu. Da aka hana shiga gidaje ba ta daina zuwa ba, sai ta sayi 'yar kujerar katako tana zama tsallaken kwata, ta sauke takunkumi mu ga fuskarta, ta mayar, sannan a yi magana. Yaran da motar asibiti ta kwashe kuwa, ita ke leƙa su ta taga, ta ɗauko hotonsu a waya ta kawo mana. Ran da aka tafi da ɗana yana ihu ina birgima a ƙasa, ita ta ce in tashi, wai mai tsala ihu haka bai shirya mutuwa ba, bakin uwarsa ya gado.

Sai aka baza ji-ta-ji-ta wai sayar da yaran take yi. Ranar Talatar tana nuna mini hoton ɗana maza suka ɓullo daga lungu. Dutsen farko a kunne ya same ta. Suka fizge kujerar, suka yi ta maka mata a kai har ƙafar kujerar ta karye, suka ja ta cikin kwata jini na bin ruwa. Na yi kururuwa har muryata ta dushe. Wallahi wasunsu kullum muna gaisawa.

Maigidanta da 'ya'yanta, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ku kuma abokan aikinta, tun ranar ba wanda ya sake tako unguwarmu, kuma ba mu ga laifinku ba. Amma 'ya'yanmu na ciki. Ni ban san ko nawa yana numfashi ba. Don girman Allah ku dawo. Tsoro muke ji, amma mun yi shawara, tun daga bakin titi za mu fito mu sa ku tsakiya. Mai son jifa sai ya fara da matarsa ko uwarsa.

Maman Ƙarami,
Mai magana da yawun ƙungiya