Kawuna Ya Yi Kyauta Da Akuyar Marainiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri in maganata ta yi zahi, raina ne a ɓace ƙwarai.

Ni madam ce, ina koyarwa a wani lakwal nan Tasawa, amma asalina wani ƙauye ne wajen Kanambakashe. Mu 'yan garin da ke zaune waje muka kafa ƙungiyar taimako, muka yi mata takardu wurin hukuma. Aikinmu habbanaye ne, wato a ba macen da ba ta da ƙarfi jar akuya ta riƙa, in ta haihu aka yaye ɗiyan su zama nata, uwar ta wuce wurin wata. Kawuna, ƙanen uwata, shi ne perzidan, ni ce sakatare. Dokar da muka sa ma hannu ta ce awakin amana ce a hannun biro, wato mu shugabannin ƙungiya, ba mai fidda ko guda sai mun zauna gaba ɗaya, kuma in wani abu ya salwanta mu duka za a tambaya.

Bana kun ga yadda damana ta yi mamu, hatsi ya bushe tun bai fidda kai ba. Akwai wata tsohuwa, bari in ce mata Inna Dije, ɗiyarta ta rasu wajen haihuwa ta bar mata jinjira. Akuyar ƙungiya da ke hannunta ta haihu, da nonon nan take rainon yarinyar, ta tatsa ta tafasa ta ba ta. Bayan wannan ba ta da komi.

To sai aka ce sabon shugaban yankinmu da sojoji suka naɗa zai zo rangadi. Kawu ya ce a tara awakin a ƙofar gidanshi baƙo ya ga aikinmu, da la'asar kowace mace ta ja tata, kuma ni zan bi gida-gida tunda matan sun fi yarda da ni. Na bi. Ana cikin taro sai ga kawu ya miƙe cikin babbar riga, wai ƙungiya ta ba babban baƙo kyautar akuya, ya nuna wadda ta fi ƙiba. Ta Inna Dije ce, don ita ko harawa sai ta yi roƙo ta kawo mata. Ina tsaye aka ɗaure ta aka sa bayan mota. Shi baƙon bai san komi ba, godiya ya yi ya tahi.

Taro na watsewa na samu kawu. Na ce da wa ya zauna aka yanke wannan, ya ce baƙo ba ya komawa hannu sake, al'adarmu ce. Na ce to garkenshi fa, cike yake, mi ya hana ya kama daga ciki? Ya ce ƙungiyar ai shi ya kafa ta. Na ce kafawa daban, mallaka daban, dukiyar talakawa ce aka ba mu riƙo. Sai ya dube ni ya ce, "Ke da na yanka ma ragon suna, yau ke za ki karanta mani doka?"

Na roƙe shi ya maida ma Inna Dije wata mai nono daga cikin nashi, ya ƙi, wai in ya yi haka ya amsa laihi kenan. Sauran 'yan biro kuwa, kowa ya sunkuyar da kai, waɗanda a reniyo, in mun zauna taro, ba su da aiki sai shan shayi da "haka ne Alhaji". Uwata ta ce in na kai ƙanenta ƙara ba ita ba ni. Na je kasuwa da kaina neman mai nono, duk ƙashi da fata ne, ba abin tatsa. Madarar gari da nike aikawa gudawa take sa yarinyar, ta rame, wuyanta ma ba ya tsayawa.

In na kai magana wurin hukuma, kun san zamanin da muke ciki, ba wuya a rufe ƙungiyar a kwashe awakin sauran matan, kawu ya kwana wurin jandarma, ni ma da hannuna ke jikin takardu ba lallai in tsira ba. In na yi shiru, na zama abokiyar cin amana, kuma gobe wata zai kama.

Abin da ya ƙarasa ni, jiya Inna Dije ta ari wayar maƙwabta ta kira ni. Ashe ita a zatonta laihi ta yi, wai ko tatsar ce ta yi yawa shi ya sa aka karɓe. Ta ce, "Ɗiyata, ki raka ni in durƙusa ma Alhaji ya yafe mani, ko don yarinyar nan."

Na ce mata to. Ranar Juma'a tana jirana. Jama'a ku gaya mani, in kai ƙara komi zai faru ya faru, ko in kama hannun tsohuwar nan in kai ta ta durƙusa ma wanda ya zalunce ta?