Ki Mayar wa Albashir da Burodinsa

Illo, Bagudo.

Zuwa ga Yaya Mairama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Malam Bunyaminu da ɗanmu Albashir. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Faraku, ƙetaren iyaka. Mu nan alhamdu lillahi. Inna na nan da ciwon ƙafarta da faɗanta, an fara yankan shinkafa, 'yata Jannatu kuma ta fara cika rigunanta, jiya har ta kori akuya da gudu.

Ango direba ya isar mini da saƙonki, cewa tun da kika ji abin da aka gano a jikin Jannatu kika hana Albashir burodi da taliya, zawon da yake fama da shi ya tsaya, kumburin cikinsa ya sauka. Na yi murna, daga baya kuma na tuna wata magana da dole ki ji. Na kira ki a waya na kasa faɗa miki, shi ya sa na ɗauki biro, in kin tashi faɗa sai ki yi wa takarda.

Ciwon sunansa siliyak. Likitar da ta duba Jannatu a Birnin Kebbi ta ce hanjinta ne ba ya shiri da alkama, ko kaɗan ta ci sai ya ƙuje, abinci ya bi ya wuce bai kama jiki ba. Babu allura, babu ƙwaya, maganin shi ne ta bar alkama iya rayuwarta. Kada ki ɗauka abu ne mai sauƙi. Inna ta yi ta rantsuwa ba ta ba ta alkama, ashe kullum da safe tana tsoma mata dogon burodin nan na ƙetare a shayi, wai ai wannan fulawa ce. Mai injin niƙa kuwa ya gaji da ganina, don sai ya wanke injinsa nake zuba gerona. Ranar sunan gidan Hassan yara na ta cin cincin, Jannatu tana riƙe da ƙosai tana kallonsu, sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

Likitar ta ce ciwon yana bin jini, tunda ciki ɗaya suka fito dole a gwada Albashir. To ga abin da ya hana ni sukuni. Gwajin yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da alkama ne. In yaro ya daina ci, faɗan sai ya lafa, sakamako ya fito ya ce lafiyarsa lau alhali ciwon yana nan kwance. Don haka sai ya koma cin burodi kullum, na wasu makonni, kafin a ɗebi jininsa.

Na san abin da za ki ce, yaro ya samu sauƙi, me zai kai mu tono? Ni ma haka na ce wa likitar, har da ɗaga murya. Ta ce mai yiwuwa wani ciwon ne daban ya ɗan lafa muna nan muna zargin alkama, kuma ba a yanke wa yaro abinci har tsufansa a kan zato. Kin kuma san maigidanki, muddin asibiti ba ta tabbatar ba, biskit ba zai daina fitowa daga aljihunsa ba.

Yaya, tun yaye kike riƙon yaron nan, kin fi ni sanin kukansa. Ba dabarar karɓe shi nake yi ba, wallahi naki ne. Tsoro nake ji, kuma na san abin da nake roƙo: ki miƙa masa abu kina sane zai murɗe masa ciki, ya zo ya kwanta a cinyarki yana nishi. In kin ga hannunki ba zai iya ba, kada ki tilasta wa kanki. Ki saka shi a motar Ango ya zo, ni zan ba shi. Ni dama lokacin hutu kawai yake ganina, in ya tsane ni ba abin da ya rasa, ke kuwa ba shi da wata uwar da zai gudu wurinta.

Ki gaishe da Malam da maƙwabciyarki Iyabo. Inna da maigidana Isma'ila suna gaisuwa, Jannatu ta ce a gaishe da yayanta. Ina jiran amsarki.

Ƙanwarki,
Najiba.