A Buɗe wa Ɗakin Rabi Kiran Bidiyo

Zuwa ga Alhaji mai gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka, ni ne Issufu mai gyaran injin ban-ruwa, wanda ke haya a ɗakin kusa da rijiya. Na sa wasiƙar nan inda duk mutanen gida za su gani, domin wifi ɗin namu ne gaba ɗaya, kuma ba na son a ce na zagaya ta baya.

Na farko, godiya. Kafin ka kira mai gyara ya raba ƙarfin koneksiyo, wato intanet, ɗaki-ɗaki, mutum guda in ya kama sauke fim sai kowa ya rasa rezo, intanet ta tsaya cak. Yanzu hoton kayan gyara da nake turawa Kano yana tafiya nan take, maƙwabciyarmu Malama Hadiza ma tana samun darussanta. Wannan gyara ya yi, kada a taɓa shi.

Na biyu shi ne kukana. Ranar da aka raba, mai gyaran ya rufe wasu ƙofofi a cikin na'urar wifi ɗin, kiran bidiyo ya daina shiga, aka bar saƙon murya da rubutu. Na san samari aka nufa, masu wuni suna hira. Amma Alhaji, ka san matata Rabi kurma ce tun haihuwa, kuma ba a sa ta lakkwal, makarantar boko, ba. Murya ba ta ji, rubutu ba ta karantawa. Da hannu take magana, sai an gan ta. In ina aiki a Jiratawa, nakan jingina waya a jikin inji mu yi zancen cefane. Haka take gaisawa da mahaifiyarta a Tsibiri kowace safiya.

Ranar Laraba da ta wuce tsohuwar ta zame a bakin murhu. Ƙanen Rabi ya kira bai samu ba, sai ya turo saƙon murya. Rabi ta ga hotonsa, ta ga saƙo na bin saƙo, ta san ba lafiya ba. Mutanen gida duk sun fita. Na dawo da la'asar na tarar ta manna wayar a kunci, tana jin motsin maganar, ba ta san me ake faɗi ba. Muka hau kabu-kabu sai Tsibiri. Alhamdu lillahi targaɗe ne, muka iske tsohuwa tana ɓarar gyaɗa, har tana yi mana faɗan ɓarnar mai.

Ba na zarginka. Na tabbata ba ta zo maka a rai ba, ni ma ban tuna ba sai da aka riga aka rufe.

Roƙona kaɗan ne. A buɗe wa wayar Rabi kaɗai kiran bidiyo. Mai gyaran ya ce min ana iyawa. In sai an rage wani wuri, a rage nawa rabon. Gaba kuma in za a rufe wani abu, a tambayi kowane ɗaki tukuna.

Kowa a gidan nan Rabi ta ba shi suna da hannu. Naka shi ne ta shafa haɓa, sannan ta dafa ƙirji, wato mai gemu, mutumin kirki. Na tambaye ta jiya ko ta sake maka suna. Ta harare ni, ta maimaita shi yadda yake.

Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a, ya saka maka da alheri.

Wassalam.

Issufu, Maraɗi