Ladanin Kwaɗi

Angona,

Canka mini wannan tukuna: wa ke kiran salla kullum, amma kwaɗi kaɗai ke amsa masa?

Kakarka ce ke gaishe ka. Ya babarka da ƙannenka? Mu lafiya lau. Makarantar da aka zube mu akwai nisa, a siminti muke kwana, gwiwata ta kumbura, amma ba komai.

Abin da ke ƙona mini rai daban ne. Da ruwa ya ci unguwarmu kowa ya hau motar ceto, har liman. Mutum ɗaya ya haye rufin masallaci da butarsa, wai ba zai bar ɗakin Allah shiru ba. Na ce, "Malam, wa za ka kira? Kifi? Ai sun riga ka alwala!" Ya ce in ji tsoron Allah. Ga maganin hawan jininsa a jakata!

Kai mai cika bakin kai ne mijina, nemi kwalekwale yau ka sauko da shi. In ya ƙi, ce masa nan ake da mutane, kuma ba mu da ladan. Allah ya yi maka albarka.

Amsar ita ce kakanka. Yana can har yanzu, ruwa ya kai taga.